Ranar da Hajiya Ta Maƙale a Kujerar Yara

Ko da zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta ranar da shugabar makarantarmu ta maƙale a kujerar yara ba.

Lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar 'ya'yan Hausawa a unguwar Kudai. Akwai wata yarinya a ajina da goggonta ta ɗauko daga gida bayan rasuwar uwarta. Likita ya ce uwar ta riƙa shan giya tana ɗauke da cikinta, abin ya taɓa ƙwaƙwalwar yarinyar. In ka ce ta ɗauko littafi, ta wanke hannu, ta zauna, sai ka tarar da ita tana wanke littafin a famfo. Hajiya shugaba ta ce taurin kai ne kawai, ƙarshen mako za a sallame ta. Ina son yarinyar nan, abin ya hana ni sukuni.

Sai goggon ta kawo mana wata mai horar da malamai, haifaffiyar unguwar Misfala a nan Makka. Matar ta ce yau mu ne ɗaliban. Hajiya, mace mai jiki, ta cusa kanta cikin 'yar kujera tana tsaki. Matar ta ƙure rediyo, ta sa ni buga tire da cokali, sannan ta zubo wa Hajiya umarni a jere da Larabcin Hijaz: cire takalmi, buɗe taga, kawo alli, taɓa kunne, yalla, yalla, wato maza-maza.

Hajiya ta miƙe, kujera ta miƙe tare da ita. Ta nufi taga, ta wurga allin waje, ta dawo ta tsaya tsakiyar aji da takalmi a kunne kamar mai amsa waya.

"Hajiya, taurin kai kike yi?" in ji matar.

Ni dai na ci gaba da buga tire, don in na tsaya, dariya za ta jawo mini kora.

Ashe yarinyar tana bakin ƙofa. Ta shigo ta kama gefen abayar Hajiya, ta ce, "Kar ki yi kuka, Hajiya. Ni ma haka nake ji kullum. Ajiye takalmin tukuna."

Hajiya ta ajiye. Ni da mai horarwar muka taru muka zare mata kujerar. Maganar sallama kuwa ba ta sake tashi ba. Muka koma ba yarinyar umarni ɗaya-ɗaya, sai ta gama wannan a faɗi na gaba.

Tun daga ranar, kafin in ce yaro ya ƙi ji, sai na fara duba ko ni ce nake buga masa tire a ka.