Maganin Ƙanwata Ya Mai Da Ni Ɗan Ƙwaya a Idon Unguwa

A shekarun da nake karatu a jami'a, a harabar Kongo, ni mutum ne marar magana. Daga gidanmu a cikin birni sai aji, da yamma kuma in koyar da Larabci a Islamiyyar unguwa. Ina da ƙanwa mai ciwon sikila, amma babu wanda ya sani sai 'yan gida. Mahaifinmu ya hana a faɗa don kada manema su guje ta. Ko asibiti ba ya so a ga tana zarya, shi ya sa ni nake sayo mata magani.

Da aka tsananta kamen masu sayar da ƙwaya, maganin da ke kwantar mata da ciwon ƙashi ya ɓace. Mai kemis ɗinmu, wanda ya san ni tun ina firamare, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ya daina ajiye irin wannan, kuma bai taɓa zaton ɗan Malam zai tambaya ba. Na bi sauran kemis ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni wa zai sha, sai in sunkuyar da kai.

Ashe ana lura da ni. Samarin majalisar bakin layi suka fara tsokanata, wai ustazu idan ya samo ya tuna da ƙannensa. Jan idona na karatu, ramata, har shirun da aka san ni da shi, duk suka zama hujja. Shugaban Islamiyya ya kira ni gefe, ya ce in ɗan huta tukuna, bai faɗi dalili ba. Ni ma na koma zargin kowa, ko gaisuwa aka yi mini sai in ji kamar bincike ne.

Ranar da ciwon ƙanwata ya tashi tana murƙususu tana kiran Yaya, na tuna wani daga cikin samarin ya taɓa raɗa mini cewa ya san inda ake samu. Na bi shi wani lungu, aka miƙo mini ƙwayoyi ta taga, babu kwali, babu suna. Ta sha, ba a jima ba ta fara amai, ta suma. A gaban unguwa kaf aka ɗauke ta aka sa a keke. Likita ya ce Allah kaɗai ya san abin da aka cusa a ciki, kuma da mun kawo ta tun farko, maganinta na gaskiya yana nan. Ta rayu, amma sirrin ya fita, kuma har yau akwai masu cewa daga nawa na ɗebar mata.

Ina jin masu cewa a halatta ƙwaya da masu cewa a ƙara matsawa. Ba na kiran a halatta, na ga yadda ta lalata sa'annina. Amma hanin bai rufe wannan tagar ba, kemis ya rufe wa marar lafiya. Masu doka su tuna da irin ƙanwata. Ku kuma iyaye, kada ku ɓoye ciwo saboda aure, kada ku karɓi magani a lungu. Mu mun ɓoye, saura ƙiris mu binne ta da sirrinta.