Zabuwa Ba Ta Kyarkyara

Jikata Zulai za ta tafi Japan, kuma ni da na goya ta, a bakin wata na ji. Tun ranar, in na rufe ido ba Zulai nake gani ba. Inna Dije nake gani, kakata, zaune a bakin murhu, a gidanmu na bayan tashar jirgi, nan Minna.

Inna Dije mutuniyar Kano ce. Jirgin ƙasa ne ya kawo ta tana amarya, ta biyo mijinta da ya sami aikin reluwe, kuma ba ta sake taka garinsu ba. A zamanin da na san ta haƙora sun ƙare sai na gefe guda, amma murya tana nan daram. In an sauke tuwo an yi isha'i, ba ta bari a kashe wuta. Sai ta tura ƙananan doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta, kowa idonsa a kan tokar. Ba ta buɗe baki sai jirgi ya yi kuka ya wuce, wai ita ba za ta yi gasar murya da ƙarfe ba. In ƙarar ta mutu, sai ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma guda ta fi maimaitawa, ta Kaza da Zabuwa. Wai da can uwa ɗaya uba ɗaya suke, akurkinsu ɗaya. Kaza ba ta iya riƙe abu a ciki. Tun ƙwai bai fito ba take zagaya tsakar gida: zan yi kwanci, 'ya'yana za su cika gidan nan, babbansu zai riƙa tashin gari da asuba. In ta saka ƙwan kuwa, sai kyarkyara har maƙwabta. Matar gida ta ji, ta zo ta ɗauke. Maciji ya ji, ɓera ya ji. Wanda ya tsira ya zama ɗan tsako, shirwa ta daɗe tana jiransa. Zabuwa ta dube ta ta ce, "'Yar'uwa, bakinki ne yake cinye 'ya'yanki." Ita da lokacinta ya yi, ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta sulale, ta shiga ciyawa can bayan gari, ta yi ƙwanta, ta yi kwancinta, ta ƙyanƙyashe su duka, ko guda bai yi ciwon kai ba.

A nan Inna takan nuna mu da tsinken tonon doya. "Kun ji ko? Buri ƙwai ne. Wanda ya faɗi nasa, ya kira masu ci. Tafiya da ciki da neman aure, ba a faɗinsu sai sun faɗi kansu. Ke Hansatu mai bakin ganga, da ke nake." Ni ke nan.

Mu dai a nan tatsuniya take ƙare mana, don doya ta nuna, ana rabo ana rigima. Amma akwai ɗan saura da takan faɗa ƙasa-ƙasa, kamar da wutar take magana. Wai 'ya'yan Zabuwa sun girma, sun ɗauko halin uwarsu. Wata safiya ta farka ba ko ɗaya, kowa ya kama gabansa ba sallama. Shi ya sa har yau in ka ji zabuwa tana kuka da yamma, kira take. Sai Inna ta goge ido da bakin zane ta ce, "Wa ya sa ɗanyen itace a wutar nan?"

Sai da na yi aure na ji a bakin mahaifiyata cewa ranar da za su baro Kano, mijin Inna ya hana ta gaya wa kowa, har uwar da ta haife ta. Tsoron baki.

Rabin tatsuniyar na riƙe, ɗaya rabin doya ta cinye. Da rabin nan na reni Zulai. Uwarta 'yata ce, ta rasu ta bar min ita tana rarrafe, muka zauna mu biyu a ɗakina na unguwar Kpakungu. Duk sanda ta dawo daga makaranta tana tsalle, ita likita za ta zama, ita jirgin sama za ta tuƙa, sai in ce, "Rufe min baki. Zabuwa ba ta kyarkyara." Ta kuwa rufe. Yarinya ce mai jin magana, wannan kam ba zan ci mata alhaki ba.

Ta gama makarantar koyon jinya, aiki bai samu ba, ta zauna tsaron kemis ɗin wani mutum a Tunga. Bara sai na ji ta fara wani yare a waya. Na ce na ina ne? Ta ce na Japan, jarrabawa za ta yi. Na ce Allah ya taimaka. Ni a sanina karatu karatu ne, ana yi a ajiye a zo a ci tuwo.

Bayan magariba, in ta gama shafa min man zafi a gwiwa, sai ta ce, "Tsohuwa, zauna da kyau, ke ce mai jarrabawa. Ki haɗe rai." Ni ko in haɗe rai. Ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta shigo ta rusuna kamar mai ruku'u, ta tsaya ta yi ta zubo magana kamar ana zuba wake a faranti. In ta kai aya in gyaɗa kai in ce, "Kin ci. Je ki ɗora min shayi." Mu yi dariya. Har na haddace inda take jan numfashi.

Ƙawarta Asabe ce ta fasa, 'yar Gwari daga Bosso da suke karatun tare. Ta zo ranar da sakamako ya fito, ta tarar Zulai ta fita ɗebo ruwa.

"Mama, barka fa! Zulai ya ci! Wallahi tsofaffin can sun yi sa'a, irin yadda yake kula da ke ɗin nan."

Na ce, "Tsofaffin ina?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce mai keke yana jiranta a waje.

Da Zulai ta sauke bokiti na ce, "Zo ki tsaya inda kika saba. Abin nan da kike faɗa min kullum, yau da Hausa nake so."

"Haba Tsohuwa."

"Ni ce mai jarrabawa. Fara."

Ta tsaya. Ba ta rusuna ba. Ta ce, "Sunana Zulaihatu. Kakata ce ta rene ni. Tun ina ƙarama nake matsa mata ƙafa, a wurinta na koyi haƙuri da tsofaffi. Burina in zo ƙasarku in yi aikin kula da tsofaffinku. In na ƙware, ina so in zauna, in koya wa na bayana."

A daidai inda na sani ta ja numfashi. Ashe da gwiwata aka ci jarrabawar, ni kuma ina gyaɗa kai.

Na ce, "Me ya hana ki gaya min?"

"A gabanki nake faɗa kullum."

"Zulai."

Ta sunkuyar da kai. "Ke fa kika ce ba a faɗa. Da na faɗa, da kin yi kuka, da na fasa. Nan ba aiki, Tsohuwa, ke ma kin gani." Can ta ƙara, "Don Allah kar ki gaya wa 'yan gidan nan sai na sauka."

To, me zan ce? Karatuna ta biya min, ba tuntuɓe.

Yanzu na gane da wa Inna Dije take magana in ta rage murya. Ba da wuta take ba. Mu take ba rabi mai ɗaci, muna can muna faɗa a kan doya. Kaza ana cinye mata 'ya'ya, gaskiya ne, amma wanda ya rage yana nan gindinta yana tsattsaga, in ya ɓace unguwa ta ji kukanta. Zabuwa ta tsirar da nata duka, ta tsufa ita kaɗai a ciyawa.

Akwatin Zulai yana ƙarƙashin gado, na rufa masa tsohon zane don kar masu leƙe su gani. Ni da hannuna na rufa. Jiya ina hura wuta a ƙofar ɗaki maƙwabciyata ta tsaya ta ce, "Iya, lafiya idonki ya yi ja haka?"

Na ce, "Itacen nan ne ɗanye."