Fentin da Yatsan Baba Mai Kira Ya Cinye

Kafin a buɗe asibitin unguwa, Baba Mai Kira ya riga ya jera bencina, ya koma bayan tankin ruwa yana magana shi kaɗai. Baƙo zai ɗauka taɓin hankali ne. Harshensa yake horarwa, domin Baba mai i'ina ne, aikinsa kuwa kiran sunayen marasa lafiya su shiga wurin likita. Wanda ya ba shi wannan aiki, ko dai mugu ne ko mai hangen nesa.

Farkon zuwansa ya sha dariya. Suna zai maƙale masa, jijiyar wuya ta tashi, mai sunan ya miƙe ya wuce shi yana rufe baki. Duk ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne ranar da 'yarsa ta fari, tana 'yar makaranta, ta zo allurar rigakafi da ƙawayenta. Harshen ya ƙi, ɗaki ya ɗauki dariya, wata ta tambaye ta ko wancan ba babanta ba ne. Yana ji ta ce maƙwabcinsu ne.

Kunya ta rufe shi, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Babbar nas ta tausaya masa, ta ce za ta mayar da shi ɗakin ajiya, inda kwalaye ba sa dariya. Ya juya maganar a ransa, sannan ya ce a bar shi a bakin ƙofa. A ganinsa, in ya ɓuya, ya tabbatar wa yarinyar cewa ubanta abin ɓoyewa ne.

Sai ya samo dabara. Zai ja numfashi, ya dinga buga yatsa a jikin ƙofa, kowane bugu da gaɓar suna guda. Ya kuma roƙi ma'aikata kada wanda ya ƙarasa masa magana, ko da tausayi ne. Yau in ka duba ƙofar, za ka ga inda yatsan ya cinye fenti har katako ya fito. Mai shara ta taɓa tambayarsa ko kunyar ta tafi. Ya ce, “Ina fa. Kullum tare muke zuwa aiki, na dai hana ta riƙe min baki.”

Kai ne, Baba, ka yi shekaru kana tsayuwa inda ka fi jin tsoro, ba ka kuma taɓa tayar wa 'yarka da maganar nan ba.

Ranar bikin sallamarsa, da zai yi ritaya, aka ce ya yi jawabi a tsakar ɗaki, nesa da ƙofarsa. Ya hango 'yar a bencin baya, yanzu uwar 'ya'ya ce. Harshen ya ƙi. Gumi ya keto masa, ya sunkuyar da kai, yatsansa na neman abin bugawa. Sai ta taso ta miƙa masa tafin hannunta. Ya buga a hankali, har “na gode” ta fito. Ita kuwa ta kasa ɗaga ido. Ta ce, “Jama'a, wannan babana ne.”

Mu ma abokan aikinka mun gode, Baba Mai Kira. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Wanda duk kunya ta zaunar a cikinmu, ya je ya dubi ƙofar nan, sannan ya tashi.