Lu'ulu'un da Ya Sha Humra

Uwata ce ta zo da sarƙar lu'ulu'un nan daga Makka. Na teku ne, ba irin na yanzu da ake kiwonsa a cikin ƙumba ba. Ranar da ta ba ni ta ce in riƙa sa shi, yana son jikin mutum, amma kada turare ya taɓa shi. Haka na riƙe shi har na aurar da 'yata a garin Auyo, na ba ta. Ba don ado na ba ta ba. Wanda ya zauna bakin kogin nan ya san akwai shekarar da ruwa zai ci gona, kuma mace tana bukatar abin da za ta sayar.

Ranar kai amarya dangin miji suka zube kayanta a kan kwando, kaskon turaren wuta a ƙarƙashi, suna yayyafa humra. Gwaggon angon ta ɗauko sarƙar ta tsoma a kwanon humra. Na riƙe hannunta, na faɗa mata abin da uwata ta ce. Ta yi dariya.

"Iya, a gidanmu ko tsintsiyar amarya sai ta yi ƙamshi. Dutse ne fa, me zai same shi?"

Matan suka ɗauka da shewa. Na ja 'yata gefe na ce ta goge shi, ta raba shi da turare. Ta amsa da to. Amma gidan miji ya fi bakin uwa kusa. Duk biki sai an tsoma.

Shekarar da ruwa ya shanye shinkafarsu, 'yata ta zo wurina Haɗejiya, rabin hanya a kwalekwale, sarƙar ƙulle a bakin zane. Iri da taki suke nema, su yi noman rani. In ba su shuka ba, yayan mijin zai karɓe gonar ya noma.

Na raka ta wurin mai sayar da gwal. Ta kwance ƙullin. Ƙwayoyin sun koma ruwan ƙasa, wasu suna ɓarewa kamar bawon albasa. Mutumin ya goga ɗaya a haƙorinsa, ya ji garas-garas, ya ce na gaske ne. Sai ya shinshina, ya girgiza kai.

"Hajiya, turare ya cinye fatarsa. Ba ya dawowa."

Ya nuna mana na kiwo, suna ta walƙiya, ya ce su mata ke saye. Namu ko kyauta ba zai sa a gilashinsa ba.

A ranin nan yayan mijin ne ya shuka gonar, har yau kuma shi ke nomanta. 'Yata tana surfe a gidajen mutane. Sarƙar ta bar mini, ta ce ba ta son ganinta. Tana cikin adudu, in na buɗe har yanzu humra nake ji.