Baba Jalaluddeen, Baƙon da Aka Sayar wa Hanyar Ruwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A yammacin Talata, 13 ga watan Agusta, 2024, katangar gidan da ka gina da hannunka a bayan garin Kazaure ta faɗo maka, Baba Jalaluddeen, kuma kafin a isa asibiti da kai rai ya yi halinsa. Ina bakin aiki a Babura aka kira ni. Washegari da hantsi aka kai ka makwancinka, a ƙasar da ka shafe rayuwarka kana kiranta gida alhali ba ka taɓa taka ta ba sai bana.

Na yi niyyar in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da mutum mai sanyin hali kamarka. Na kasa. Duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in ajiye shi. Ka yi mini haƙuri, Baba, yau zan faɗi abin da kai ba ka yarda a faɗa a gabanka.

Ga wanda bai san ka ba: kakanka mutumin Roni ne da ya tafi aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna can ya yi iyali. A birnin Wad Madani aka haife ka, a can ka koyi gyaran injin ban-ruwa, a can ka auri Ummi Kulsum. Ni kuwa, Bahijja, karatun aikin jinya ne ya kai ni garinku. Mahaifina ya ce akwai ɗan'uwanmu ta wajen kaka a can, in neme shi in gaishe shi. Gaisuwa na je yi, ka ce wa Ummi Kulsum ta gyara mini shimfiɗa kusa da ta 'yarku Sadiyya. Ban sake kwana a ɗakin ɗalibai ba har na gama.

Ba ni kaɗai ba ce. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsakar gidanka cika yake da ɗalibai 'yan Kazaure da Gwiwa da Babura, ana ci ana sha, kai kana gefe da ɗan kofin gahawarka kana tambayarsu labarin duwatsun Roni da kakanka ya ba ka. Lokacin da zazzaɓin taifot ya kwantar da wani yaro ɗan Gwiwa mai karatun likita, kai ka goya shi zuwa mota, kai ka yi jinyarsa, ka rufe shagonka har ya miƙe. Da iyayensa suka aiko da godiya sai ka ce, "Ɗan gida ne, ana yi wa mutum godiya don ya kula da ɗansa?"

Sai yaƙi ya zo. Ranar da ka kira ni, a ƙarshen shekarar da ta wuce, ina jin ƙarar abubuwa a bayan muryarka. Ka ce mijin Sadiyya ya fita neman burodi bai dawo ba, ga ta da ƙaramin ciki. Sannan ka shiga tambayata ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen akuya yana duba haƙora. Nawa ake kama hayar ɗaki biyu? Kwanon gero fa? Akwai wutar lantarki? Hanya lafiya? Idan mace ta zo haihuwa, ina ake kai ta?

Na gaya maka gaskiya. Na ce tun da man fetur ya tashi komai ya tashi, abin da ka saya da safe ba shi za ka tarar da yamma ba. Na ce wuta sai ta ga dama. Na ce akwai hanyoyin da ba a bi idan rana ta yi sanyi, kuma a asibiti har safar hannun da za a taɓa ka da ita kai za ka saya. Ka saurara har na gama, ka ce, "Ya binti, 'yata, a can jirgi yana zubo wuta daga sama?" Na ce a'a. Ka ce, "To mun taho. Tsada ba ta kashe wanda ke cikin danginsa."

Kuka bi ta Habasha, kuka sauka Kano da jakunkuna uku da akwatin kayan aikinka, wanda ka ƙi rabuwa da shi duk wahalar hanya. Daga nan kuka wuce Kazaure neman haya.

Abin da ban gaya maka ba a waya, domin ni ma ban san ya kai haka ba, shi ne halinmu da baƙo. Mai gidan haya na farko da ya ji Hausarka mai gauraye da Larabci, nan take ya ninka kuɗin. A kasuwa, mai tumatir da ya ga Ummi Kulsum da lulluɓinta irin na can sai ya canza farashi ba ko kunya. A kan hanyar Babura, duk shingen da aka tsayar da mota kai ake saukewa, a juya takardunka sama da ƙasa, ba a sake ka sai ka miƙa wani abu. Yara suna bin ka suna kwaikwayon maganarka, manya suna zaune a kan benci suna dariya. Ɗaliban nan da suka ci tuwon gidanka, yau wasunsu manyan ma'aikata ne. Na tura wa kowannensu lambarka. Mutum biyu suka kira. Wanda ka goya zuwa mota, yanzu likita ne a birni, ya turo saƙon "barka da zuwa" da hoton fure, shi ke nan.

Duk da haka ba ka zauna ba. Ka kafa rumfa kusa da masu noman rani na bakin madatsar ruwa, kafin wata biyu an san ka. Malam Haladu, manomin albasa da ya zama amininka, ya ba ni labarin ranar da injinsa ya mutu shukarsa tana ƙonewa, ba shi da ko sisi. Ka bi shi gona a bayan babur, ka gyara, ka ce ya biya idan albasa ta yi. Da ta yi ya kawo maka, ka ɗebi kwano ɗaya na miya ka ce ya mayar da sauran.

Sai Daudu ya shigo. Daudu jikan ƙanin kakanka ne, dillalin filaye, kuma shi kaɗai ne cikin dangin Roni ya riƙa zuwa gaishe ka a kai a kai, yana kiranka Yaya. Ya ce bai kamata jinin gidansu ya zauna a haya ba. Ya kai ka wani fili shimfiɗaɗɗe a bayan gari, cikin tsakiyar rani, ya ce don kai ne ya sa aka rage kuɗin. Ummi Kulsum ta cire awarwaron zinarenta na aure, abin da ya rage muku daga Sudan, aka sayar aka biya. Kai da Malam Haladu kuka buga bulon ƙasa, kuka tayar da ɗaki biyu da katanga.

Filin hanyar ruwa ne, Baba. Duk ruwan da ya gangaro daga tudun can ta nan yake bi. Malam Haladu mutumin wani ƙauye ne, bai sani ba. Amma bayan rasuwarka na tsaya da wani dattijo a unguwar, ya ce mini, "Ai kowa ya sani. Shi ya sa ba wanda ya taɓa gini a wurin." Na ce wa dattijon, to me ya hana ku gaya masa? Ya ce, "Ciniki ne tsakanin 'yan'uwa, wa zai shiga?" Wata da watanni mutanen unguwar suna wucewa ta gabanka kana ɗora bulo, suna ce maka sannu da aiki.

Ranar Talatar nan ruwa ya tsuge tun azahar. Da la'asar ya shiga ɗakuna har gwiwa. Ka riƙo Sadiyya da tsohon cikinta ka kai ta kan tudu, ka dawo ka fito da Ummi Kulsum. Sun tsira, kai ma ka tsira. Sai ka tuna da injinan mutane da ke jingine a jikin katanga, waɗanda aka kawo maka gyara. Ummi Kulsum ta riƙe rigarka. Ka ce, "Amana ce," ka koma. Ka fito da ɗaya. A komawa ta biyu katangar ta kwanta.

Sadiyya ta ce mini samari sun taru, amma yawancinsu waya suka ɗaga suna ɗaukar hoto. Malam Haladu, da ya zo a guje, shi da wasu mutum biyu ne suka tone ka da hannu. Mai a-daidaita-sahun da aka tsayar ya ga jini a jikinka, ya tsaya ciniki tukuna. A cikin kekensa ka cika, kanka a cinyar Malam Haladu.

Ko a zaman makoki ba a bar mu mun yi kuka cikin mutunci ba. Daudu ne a sahun gaba, yana share ido yana karɓar gaisuwa a matsayin ɗan'uwan mamaci. Wani daga cikin masu injin ya zo, ya yi addu'a a gaggauce, ya matso kusa da Malam Haladu yana tambayar wa zai biya shi nasa da katanga ta danne. Ranar addu'ar uku kuwa, matar Daudu ta shigo wurin mata, ta zauna kusa da Ummi Kulsum, ta rage murya. Ina gefe ina ji. Ta ce maigidan ya ce tun da wurin bai karɓe ku ba, zai taimaka ya karɓi filin a rabin kuɗinsa, ku samu na sayen abinci.

Ummi Kulsum, wadda ko abincin gobe ba ta da tabbacinsa, ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Ki gaishe shi. Ki ce ba na sayarwa. Idan na ba shi, rani na zuwa zai share wurin ya kai wani baƙon. Kangon nan zai zauna yadda yake, duk mai wucewa ya gani." Matar ta tashi ba sallama.

Yanzu suna tare da ni a Babura, ita da Sadiyya, a ɗakina. Haihuwa yau ko gobe.

Ya Allah, ga bawanka Jalaluddeen ya zo maka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka karɓe shi cikin waɗanda Ka yi wa alkawarin shahada saboda gini ya faɗo musu. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi gida a Aljanna Firdausi. Ka sauki Sadiyya lafiya, Ka bayyana mata mijinta idan yana raye, Ka jiƙansa idan ya riga mu. Ka kawo ƙarshen yaƙin Sudan, mu kuma Ka shirye mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummi Kulsum, da Sadiyya, da 'yan'uwanka da yaƙi ya warwatsa waɗanda wataƙila har yau labarin bai kai gare su ba, da Malam Haladu, wanda ba dangin iya ba na baba amma ya yi abin da dangi suka kasa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙurin.

Sauran da suka zauna a kan tabarmar makokinka suna amsa "ya haƙuri", ba ni da ta'aziyyar da zan yi musu. Ba su yi rashin kowa ba. Akwai ranar da za a tara mu, kuma ranar ba za a tambayi kowa da wace irin Hausa yake magana ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba.

Bahijja Yakubu, Babura