Masu Jirgi Uku da Littafina

Duk shekara idan riɗi ya nuna, babanmu yakan tafi gonakin Simsim aikin yanka, innarmu kuma ta kwashe mu, ni da yayata Sa'adiyya, ta kai mu Mafaza wurin mahaifiyarta. Habboba muke ce mata, yadda yaran unguwa duka ke kiran kakanninsu. Gidanta bukka biyu ne da rumfar kara, daga bakin ƙofa kana jin ƙanshin lakar kogin Rahad. Bayan magariba sai ta jawo murhun gawayi gaban gadonta na igiya, ta soya 'ya'yan gahawa, ta daka da citta, ta ɗora jabana, 'yar tukunyar dafa gahawa. Ba ta fara tatsuniya sai ta kurɓi kofin farko. Mu kuwa muna zaune a tabarma muna ɓare gyaɗa, muna hararar tukunyar da ta ƙi tafasa.

"To, ku matso," in ji ta. "Tatsuniya ta iso, kuma ba ta jiran kowa."

Akwai guda ɗaya da na tsana, ita ce kuma ta fi zama a kaina. Wani saurayi ne makiyayi, yana da sarewa. Kullum da yamma yakan zauna bakin kogi ya busa. A wancan ƙetaren akwai yarinya mai zuwa ɗiban ruwa, ba ta taɓa ganin fuskarsa sosai ba, amma da ta ji busar sai ta ajiye tulu ta tsaya. Rannan ta aiko masa cewa ya zo ya gaida iyayenta. Lokacin damina ne, kogi ya cika har ya tumbatsa.

Ya je wurin mai jirgi na farko. Wannan ya dube shi ya ce ba ya ɗaukar mai sanda. Saurayi ya yar da sandar, amma mai jirgi ya ce ai wuri ya cika. Na biyu ko waiwayowa bai yi ba, saurayi ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Na uku ya ce zai ɗauke shi, amma sai ya tuɓe rigar kiwo ya ari irin ta mutanen gari, sarewar nan kuma ya jefa ta ruwa, don ƙararta na kiran kada. Ya jefa. Da ya isa ƙofar gidansu, yarinya ta leƙo ta ce, "Wa kake nema?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To busa in ji." Ya laluba aljihu, babu komai. Ta koma ciki.

"Halas, ta ƙare," Habboba ta ce, ta sake zuba jabana.

Ni kuwa na miƙe tsaye don haushi. "Habboba, wannan ba ƙarshe ba ne! Wawa ne? Ba Rahad na ƙafewa da rani ba? Da ya jira ai da ƙafa zai taka ya haye!"

Ta yi dariya har ta ƙware. "Ke kin sani, Asiya, don ba ke ce kike so ba. Mai so ba ya ganin rani na zuwa."

Yanzu ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gadarif. Shekara biyu na yi ina rubuta littafin soyayya a wayata, a bakin allo lokacin tara, a cikin mota, a duk inda na samu caji. Labarin Nafisa ne, mai sayar da shayi a gefen kasuwar amfanin gona, da Idris direban tarakta, wanda yake shan shayi kofi uku a jere alhali ba ya ma son shayi. Da Hausarmu na rubuta, yadda muke yin ta a gida, da ɗan Larabcin da ke maƙale a bakinmu. Ranar da na gama, na yi raka'a biyu, na tura wa masu buga littattafai uku da na samo lambobinsu.

Na farko mai buga littattafan Larabci ne. Ya kira ni da kansa, cikin ladabi. "Ya ustaza, wa zai saya? Mutanenku Larabci suke karantawa. Ki mai da shi Larabci mu gani." Na zauna mako shida na fassara babi biyar, na tura. Ya ce bana sun daina karɓar labaran soyayya.

Na biyu har yau bai ce uffan ba. Ina ganin alamar ya buɗe saƙon. Na sake gaishe shi sau uku, kamar mai bara.

Ta uku wata edita ce a Kano. Ta aiko da saƙon murya mai tsawo, na saurara sau goma. "Malama Asiya, kin iya labari, wallahi. Amma masoyanki ba su haɗu ba sai shafi na arba'in, ya yi nisa. Sannan Hausarki ta cika Larabci. Mai karatu a nan bai san Simsim ba. Ki dawo da su Kano, saurayin ya zama ɗan kasuwa mai mota. Wa zai yi mafarkin direban tarakta?"

Na ji zafi, amma na ce ita ce mai sana'ar. Wata uku ina tsefe littafin. Na cire riɗi, na cire laka, na cire kujerun roba na wurin shayi. Na tambayi sunayen unguwannin garin da ban taɓa takawa ba, na zaunar da Nafisa a ciki. Na tura. Amsarta layi biyu ce: yanzu ya yi kyau, sai dai irin wannan suna da shi da yawa a jere.

Ran nan na kai wa Sa'adiyya wayar ina kuka, don ita ta fara karanta na asalin. Ta yi ta ja da yatsa, tana yamutsa fuska.

"Ina Idris?" ta ce.

"Ga shi nan, Yaya. Alhaji Idris."

"Wannan mai turaren? Ban san shi ba. Ni na wancan nake jira in ga ko zai faɗa mata baƙin shayi na ƙona masa ciki." Ta miƙo min wayar. "Kin jefa sarewar ruwa, ke mai wayon bakin murhu."

Na yi kwana biyu ban yi mata magana ba, don ta faɗi gaskiya.

Sa'ar da na yi, ban goge na farkon ba. Na koma kansa, na gyara abu ɗaya tak: yanzu suna haɗuwa a shafi na shida, don a nan editar ba ta yi ƙarya ba. Sauran na bar shi da lakarsa. Na samo mai buga littattafai na huɗu na tura masa, ya ce ya gani, in dakata. Yau mako bakwai ke nan.

Ina tunanin Habboba, Allah ya jiƙanta, kuma har yanzu ina jin haushinta kaɗan. Ta bar ni ina taƙama da cewa jira ba wuya. Ba ta gaya min cewa wanda ya riƙe sarewarsa ma a wannan gaɓar yake kwana ba, yana kallon jirage na wucewa da wasu. Ban san ko wannan kogin nawa na ƙafewa ba. Abin da na sani, na fara littafi na biyu, kuma saurayin cikinsa makanikin injin ban ruwa ne, hannunsa duk baƙin mai. Ba zan wanke masa shi ba.