Malam Samuel da Ginshiƙai Biyu na Ƙofar Guga

Ƙarfe bakwai saura kwata Malam Samuel yake fitowa daga gidansa na haya a Ƙofar Sauri. Ba ya tayar da babur a ƙofar gida, sai ya tura shi har bakin titi, don kada ya dami maƙwabtan da suka koma barci bayan asuba. A jakarsa akwai cokalin gini da igiyar awo da wani littafi da ya naɗe cikin leda biyu. Yakan tsaya wurin Jummai mai ƙosai, su gaisa gaisuwar da ta fi cinikin tsawo, sannan ya wuce kwalejin fasaha inda yake koyar da ɗora bulo. Shi ba lakcara ba ne, ba shi da ofis. Rumfar kwano ce a bayan azuzuwa, da tarin jan bulo da kwaɓin farar ƙasa. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan tafiya, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. An ce za a yi ɗan taro a ba shi agogon bango.

Ni Lawal ne, magini, daga Ƙofar 'Yandaka. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma na ga agogo bai isa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma gara in faɗa tun yanzu: na shekara huɗu ina jin haushin mutumin nan, har yau ma ban warke sarai ba.

Littafin nan na cikin leda shi ne mafarin komai. Malam Samuel mutumin Zonkwa ne, ya zo Katsina yana ɗan shekara goma sha tara, ya yi leburanci a hannun wani injiniya ɗan ƙasar Poland. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa littafin hotuna na tsofaffin gine-ginen ƙasarsu, irin ginin da suke kira Gotik. Coci-coci ne masu tsawon da ke sa hula ta faɗi, da gidajen sarauta masu ganuwa, da majalisun gari masu hasumiya, wasunsu sun haura shekara ɗari shida. Malam Samuel bai iya karanta ko kalma ɗaya ta harshen ba, kuma bai taɓa zuwa ƙasar ba. Hotunan ya karanta. Ya ƙirga bulo a jikin hoto, ya gwada a rumfarsa, ya rushe, ya sake, har ya gano yadda ake ɗaga baka mai tsini a saman ƙofa ko rufi da jan bulo, ba rodi, ba kankare.

Tsohon ɗalibinsa Sani, wanda yanzu yake da ma'aikata ashirin a Funtuwa, ya ce sau tara Malam ya sa shi ya rushe bango guda, a na goma ya zauna ya ci ƙosai a inuwarsa, wannan ne yabon. Mutanen wani lungu a Ƙofar Sauri sun shaida cewa da bakan ƙofar masallacinsu ya tsage, shi ya gyara, takalmansa a waje, kuma yakan ajiye cokali ya koma gefe duk lokacin salla. A cocinsu ma shi ya ɗaga bakan ƙofa, babu allon da ke ɗauke da sunansa a ko ɗaya.

Ina da ɗiya mai sunan mahaifiyata, Halimatus Sa'adiyya, don haka Ummi nake kiranta. Tun tana ƙarama take bina wurin aiki tana miƙo mini bulo. Duk abin da na faɗa a kan gini, a wurinta ya zauna. Da ta ce za ta karanci gini a kwaleji, ni na tsaya mata a gaban dangi, ina tunanin wata rana za a ce ɗiyar Lawal ta gaji ubanta ta ɗara. Ba ta yi wata uku a makarantar ba sai wani suna ya shigo gidana. Malam ya ce kaza, Malam ya ce kaza. In na ce ƙofa sai da linta, wato kankaren da ake giciyewa a samanta, sai ta ce Malam ya ce ba dole ba. Ta manna hotuna a bangon ɗakinta, tana gaya wa ƙannenta wannan gidan sarautar Malbork ne, wannan majalisar garin Torun ce, wancan cocin Krakow ne mai hasumiya biyu da ba su yi tsawo ɗaya ba. Uwarta Dije kuwa ta samu abin tsokana. In ta kawo mini tuwo sai ta ce in dakata tukuna, a tambayo ko Malam ya ce a ci.

Wata safiya na sa hula na tafi rumfar, da niyyar in tambaye shi dalilin cika wa ɗiyar Musulmi ɗaki da hotunan coci. Ya tare ni da gaisuwa kamar ya san ni shekara ashirin, ya tambayi iyali da aiki da gajiyar aiki, ya share mini bulo na zauna. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai ɓata rai ba. Ya kwance ledar ya buɗe littafin a gwiwata. Ya ce a arewacin ƙasar Poland dutse ya yi ƙaranci, sai suka koma ga laka kamar yadda kakanninmu suka yi, su dai gasa tasu suke yi. Ya nuna mini rufin da jijiyoyinsa suka haɗu kamar tauraro, ya tambaye ni ko bai yi mini kama da wani abu ba. Ya yi mana. Ɗaurin guga ne na tsofaffin soraye, irin wanda kakana yake yi da azara.

"Baban Injiniya," ya ce, don Injiniya yake kiran Ummi, "ni yadda bulo ke ɗaukar ɗan'uwansa nake koya mata. Sauran tarbiyya taka ce, kuma na ga ka yi."

Na fito ban kama shi da laifin komai ba, wannan kuma ya fi ƙona mini rai. Na ji daga baya cewa duk shekara yakan kai ɗalibansa hasumiyar Gobarau da tsofaffin zaurukan cikin gari. Mutumin Zonkwa ya fi ni sanin aikin kakana, kuma a bakinsa ɗiyata ta fara jin sa.

A shekararta ta ƙarshe, Alhaji Ɗanliti, ɗan kasuwa a Ƙofar Guga, ya ga hotunan nan ya ce yana son zaure irin wannan, na jan bulo mai baka mai tsini. Malam Samuel ya ce a bai wa Ummi, ya zama aikinta na kammala karatu, shi zai duba. Ni aka ba ni katanga da ƙofar mota. Ina ɗora bulona na siminti a gefe, ina kallon ɗiyata tana nuna wa maza inda za su sa hannu, in ta ɗago kai kuma ba ni take nema da ido ba.

Zauren ya tashi, ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma a jikin bangonsa ta waje akwai wasu ginshiƙai masu kauri da suka turo waje, biyu daga cikinsu sun ci hanyar shigar mota. Ran wata Alhamis, Ummi na jarrabawa, Malam na makaranta, Alhaji ya kira ni ya tambaye ni ko waɗannan abubuwa suna da wani amfani. Na duba. Ba sa ɗauke da komai a kansu, ni kuwa a iya sanina ginshiƙi abin da ke bisansa yake ɗauka. Da na ce masa a jira a tambaya, da shi ke nan. Amma a ce ni Lawal, shekara talatin da cokali a hannu, sai na tambayi Malam? Na ce masa kwalliyar Turawa ce kawai. Kafin la'asar na sare su biyun da guduma, na shafe wurin sumul.

Ran Lahadi da hantsi bakan ya tsage daga tsininsa, bangon ya karkata waje da kusan faɗin yatsa biyu. Kafin in iso mutane sun taru. An kira Ummi, tana tsaye da takardunta a hannu, Alhaji yana faɗa a gaban kowa cewa laifinsa ne da ya ba mace gini. Wani ya ce ai da ma ginin da ba rodi sai a hoto. Ta zaga bayan bangon ta ga babu ginshiƙan, ta tambaya wa ya cire su. Alhaji ya buɗe baki yana dubana. Ba tsoron Alhaji nake ji ba, tsoron idon ɗiyata nake ji.

A daidai nan babur ɗin Malam Samuel ya tsaya. Daga coci yake, da fararen kayansa. Ya dubi tsagar, ya dubi wurin da aka shafe, kuma duk magini ya san shafar hannun ɗan'uwansa. Ya dube ni sau ɗaya.

"Alhaji, yarinyar nan ba ta da laifi, zanenta daidai yake," ya ce. "Ni na ce wa Malam Lawal za a iya cire su. Tsufa ne, na yi kuskure."

Alhaji ya san ba haka aka yi ba, amma shi ma da hannunsa a ciki, sai ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Allah Ya yafe mini wannan shirun.

Kai ne, Malam, ka tuɓe rigarka ta coci ka rataye a katangata, ka kori kowa daga zauren, ka shiga ƙarƙashin bakan da ke zubo da gari ka kafa katakon tokara da hannunka. Kai ne ka sha dariyar gari wata uku, ana ce maka Baturen Zonkwa mai ginin hoto, a shekarar da ya kamata ka fita da suna mai tsabta. Maman Happiness, matarka, ta daina amsa gaisuwata sosai, kuma tana da gaskiya. Abin da ya fi duka, ka yarda ɗalibar da ta ɗauke ka ba ka kuskure ta dube ka da ragin daraja, don kada ta dubi ubanta haka.

Washegarin ranar da bakan ya tsage na samu Malam shi kaɗai a wurin. Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce in miƙo hannuwa sama, shi ma ya miƙo, muka haɗa tafuka muka jingina da juna kamar masu shirin kokawa. Ya tambaye ni ina nake jin ƙarfin, na ce a diddige, ƙafata tana son zamewa baya. Ya ce to haka baka yake, ba ƙasa kawai yake dannawa ba, waje yake turawa, ginshiƙan nan su ne dutsen da aka sa a bayan diddigen. Na tambaye shi mi ya sa ya rufa mini asiri. Ya yi dariya ya ce shi saura masa wata shida ya tafi, ni kuwa uba ba ya ritaya. Sannan ya miƙo mini cokalinsa, ya ce wanda ya sare shi zai mayar.

Kwana tara na yi ina mayar da ginshiƙan nan, yana zaune a kan bulo yana cin ƙosai. Da Ummi ta zo dubawa, sai ya ce mata ta buɗe ido da kyau, duk Katsina babu mai miƙe layin bulo kamar babanta. Ta tsaya a bayana tana kallon hannuna kamar lokacin da take ƙarama. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, amma ko a nan sai da wani abu ya soke ni, don sai da Malam ya ce sannan ta duba.

Zauren yana nan tsaye a Ƙofar Guga, mai so ya je ya gani. Motar Alhaji a waje take kwana. Ummi ta kammala, tana aiki da wani kamfanin gini, kuma na ji Malam ya ce ran taron nan ita zai bar wa littafin. Ni ba ni da littafin da zan bar mata. In na tuna haka kishin nan yakan taso mini sabo, sai in tuna cewa mutuncin da nake da shi a idonta yau, shi ya ara mini.

Malam Samuel, gwanin jan bulo, na gode. Allah Ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, Ya sa 'ya'yanka su samu wanda zai tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa tawa. Ku malamai da iyayen gida a kowace sana'a, ku dubi mutumin nan: ya koyar da ɗiyar wani da dukan zuciyarsa, bai ƙwace ta daga ubanta ba. Mu kuma iyaye, in 'ya'yanmu sun samu wanda ya fi mu sani, mu je mu tambaya kafin mu ɗauki guduma.

Ka ce kada in taɓa faɗa mata, Malam, ka yi haƙuri, ba zan bari ka tafi ritaya da laifina a kanka ba. Ummi, na san za ki karanta wannan. Malaminki bai yi kuskure ba. Ni na sare ginshiƙan.